Yadda yaƙin Yukiren ya ƙara sa'o'i huɗu a kan tafiyar Helsinki zuwa Tokiyo

Tsakanin Helsinki, babban birnin Finlan, da Tokiyo na Japan akwai kimanin kilomita 7,800 idan aka bi hanya mafi kusa. Kafin shekarar 2022, jirgin kamfanin Finnair kan cinye wannan tazara cikin sa'o'i tara da ɗoriya. Yanzu sai ya shafe kusan sa'o'i 13. Dalilin ƙarin yana da nasaba da tambayar wa ke da iko da sararin samaniya.

Hanyar da aka rufe

Da yake duniya ƙwallo ce, hanya mafi gajarta daga arewacin Turai zuwa gabashin Asiya ba ita ce miƙaƙƙen layin da ake gani a taswira ba. Lanƙwasa take yi ta arewa, ta ratsa yankin Saiberiya na Rasha. A kan wannan ne Finnair ya gina kasuwancinsa: ya tattaro fasinjojin Turai a Helsinki, ya kai su Asiya cikin sauri.

Kwana huɗu da fara mamayar Yukiren, a ranar 28 ga Fabrairun 2022, Rasha ta haramta wa jiragen ƙasashe 36 shiga sararin samaniyarta, a matsayin ramuwar gayya kan matakin da Tarayyar Turai da ƙawayenta suka ɗauka. Yarjejeniyar Chikago ta 1944 ta tabbatar wa kowace ƙasa cikakken iko a kan samaniyarta, don haka babu yadda kamfanonin suka iya.

Da Finnair ya koma zirga-zirgar Tokiyo a watan Maris na shekarar, zaɓi biyu ya rage masa: ya bi ta doron duniya na arewa, kusa da Alaska, ko ya kewaya ta kudu, ta Turkiyya da tsakiyar Asiya. Iska ce kan raba gardama, domin a can sama akwai guguwa mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas. Jirgin da ta tura ya yi sauri, wanda ya fuskance ta ya ɓata lokaci. Hanyar arewa tsohuwa ce a wurin kamfanin, domin ita ya bi a 1983, lokacin Yaƙin Cacar Baka.

Wa ke biyan kuɗin?

Ƙarin sa'o'i na nufin ƙarin mai, ƙarin matuƙa da ma'aikata, da ƙarin hayaƙi, kuma fasinja ne ke ɗaukar nauyin a farashin tikiti. Su kuwa kamfanonin ƙasar Sin har yanzu suna ratsa Rasha, sun fi sauri da araha. A 2024 British Airways ya dakatar da zuwa Beijing, Virgin Atlantic kuma ya janye daga Shanghai.

Afirka ma ta ɗanɗana irin wannan. Lokacin da sojojin Nijar suka rufe sararin samaniyar ƙasar a watan Agustan 2023, ga na Sudan a rufe saboda yaƙi, tilas jiragen da ke tashi daga Turai zuwa Johannesburg suka riƙa dogon zagaye, har sai da Yamai ta sake buɗewa a watan Satumba. Jiragen Turai masu zuwa Tokiyo kuwa suna ci gaba da kewayawa, kuma dawowarsu tsohuwar hanya ta rataya ne a kan sasanci tsakanin Mosko da ƙasashen Yamma.