Toka Da Farar Ƙasa: Abin Da Mai Koyon Ginin Tangaran Zai Sani

A ƙauyukanmu na tsakiyar Jihar Katsina, irin su Tafashiya da kewayenta a ƙasar Kankiya da Kusada, da wuya ka shiga gida ba ka ga randa ko tulu ba. Amma sana'ar ginin tukwane tana ja da baya. Roba da tukunyar ƙarfe sun cinye kasuwa, matasa kuwa da zarar an gama kaka sai su tafi ci-rani. Faranti da kofin tangaran da muke ajiye wa baƙi ma, galibi daga ƙasashen waje ake kawo su. Nufinmu a wannan mako shi ne mu nuna wa masu karatu cewa kayan yin tangaran suna nan kusa da mu. Abin da ya rage shi ne ilimi da haƙurin koyo.

Misali mafi kyau shi ne na marigayiya Ladi Kwali, 'yar ƙabilar Gwari daga garin Kwali. Tun tana yarinya ta koyi gini da hannu irin na gargajiya, ta gwanance har Sarkin Abuja, Alhaji Suleimanu Barau, yakan ajiye tukwanenta a fadarsa. A 1950 gwamnati ta ɗauki wani Bature ɗan Ingila, Michael Cardew, aikin kula da sana'ar tukwane, shi kuma ya buɗe makarantar koyon aikin a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu. A 1954 Ladi ta shiga makarantar, ita ce mace ta farko. Duk da gwanintarta ba ta ji kunyar komawa ɗaliba ba. A can ta koyi gini a kan keken juya yumɓu, da shafa ruwan gilas, da gashi a tanderu mai tsananin zafi.

Aikin keke yana da matakai. Da farko ɗalibi zai jiƙa yumɓu, ya tace tsakuwa, ya cuɗa shi sosai har iskar da ke ciki ta fita. Sa'an nan ya ɗora curin a kan faifan keken, ya danne shi da hannu biyu har ya zauna daidai a tsakiya ba ya rawa. Wannan shi ne matakin da ya fi ba sabon shiga wuya, kuma in bai samu ba duk abin da aka gina zai karkace. Bayan haka ya huda tsakiya da babban yatsa, ya riƙa jan bango sama a hankali. In an gama, a inuwa ake shanya kaya, a rufe su musamman lokacin hunturu, domin bushewar gaggawa tana tsaga su.

To, mene ne ruwan gilas? Shi ne abin da ake shafa wa faranti kafin gashi, wuta ta narkar da shi ya zama gilas mai santsi wanda ruwa ba ya ratsawa. Abu uku ke haɗa shi. Na ɗaya silika, wato sinadarin da ke cikin yashi da ƙanƙarar dutse, shi ne ainihin gilas ɗin, amma shi kaɗai ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 1,700. Na biyu abin da zai sa ya narke da wuri, kuma tokar itace tana wannan aiki saboda sinadarin kalsiyam da ke cikinta. Na uku yumɓu ko farar ƙasa, wadda ke hana gilas ɗin zubowa daga jikin faranti.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfinmu. Toka tana kowane murhu. Tokar ɓuntun shinkafa cike take da silika. Farar ƙasa kuwa, wadda masana ke kira kawolin, akwai ta a Ƙanƙara a nan Jihar Katsina. Akwai kuma wani dutse da ake kira felsfa, wanda ake niƙawa ya zama gari. Cardew ya dogara ne ga irin waɗannan kayan gida, da itace yake gashi, kuma ya rubuta abin da ya koya a littafinsa Pioneer Pottery na 1969. Wani haɗi da magina suka daɗe suna farawa da shi shi ne kashi 40 na toka, kashi 40 na garin felsfa, kashi 20 na yumɓu.

Sai dai tokar wani itace ba daidai take da ta wani ba, ta karan dawa ma dabam take. Don haka ɗalibi na kirki yakan jiƙa tokar, ya zubar da ruwan sama, ya tace ta da rariya mai laushi, ya auna kome da sikeli. Ya gwada kowane haɗi a kan ɗan guntun yumɓu, ya sa masa lamba, ya rubuta a littafi. Wanda bai rubuta ba, ko ya dace da launi mai kyau ba zai iya maimaita shi ba. A kuma sa safar hannu, gama ruwan toka yana cin fata.

Babbar wahala ita ce wuta. Gashin gargajiya da kara da itace a fili ba ya cika wuce digiri 900, alhali gilas na toka yana bukatar wajen 1,250 zuwa 1,300. Wannan sai da tanderu na bulo mai jure zafi, da yumɓun da ba zai narke ba. A nan ne muke jan kunnen masu karatu. Akwai gilas mai narkewa a ƙaramar wuta wanda ake haɗawa da dalma, har a wasu ƙasashe akan ciro ta daga tsohon batirin mota. Kada kowa ya gwada. Abinci mai tsami kamar kunun tsamiya ko nono yana jawo dalmar daga jikin kwano ta shiga ciki, ta lalata ƙwaƙwalwar yara. Ba mu manta da Zamfara ba, inda a 2010 gubar dalma daga aikin zinariya ta kashe yara wajen 400.

A kuma sani ba kowace tukunya ke son gilas ba. Randa tana sanyaya ruwa ne domin tana tsattsafo ta ƙananan ƙofofin jikinta. In aka shafa mata gilas, sanyin ya tafi. Manyan tulunan Ladi Kwali masu gilas, da zanen ƙadangare da kunama da kifi, kayan ado suka zama. Saboda haka sabon ilimi ba zai kori aikin iyayenmu mata ba. Randa tana nan a matsayinta, faranti da kofi da butar shayi ne za su ƙaru.

Ladi Kwali ta nuna aikinta a Landan, ta zaga Amurka a 1972, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a Minna a 1984. Hotonta ne a bayan takardar naira 20, tana aikin tukunya. A wannan jami'a ta Zariya akwai sashen da ake koyar da aikin tangaran. Shawararmu ga iyaye da ƙungiyoyin matasa ita ce su tura ko da mutum ɗaya ya koyo, su kuma haɗa kuɗi su gina tanderu ɗaya na gari, domin ɗalibi shi kaɗai ba zai iya ba. Kafin nan, yaron da ke da sha'awa ya fara zama wurin maginiyar unguwarsu, ya san yumɓu a hannunsa tukuna.