FARIN CIKON HAƘORI: KYAU A FUSKA, ƁARAKA A GEFE

Yau zancen haƙori na zo mana da shi. Mace ta sha lalle ta sha turare, amma in haƙori na zogi, ko hirar maigida ba ta yi mata daɗi.

Yanzu kowa farin ciko yake so, mai kalar haƙori, wanda ko kishiya ba za ta gane an yi ba. Kyau kam akwai shi. Sai dai ni abin da nake so mu lura da shi shi ne bakin cikon, wato inda ya haɗu da haƙori.

Shi wannan ciko da gam ake liƙa shi. Tun 1955 wani likita a Amurka, Michael Buonocore, ya gano cewa in aka shafa wa ɓawon haƙori ruwan asid sai ya yi kaushi, gam ya samu wurin kamawa. Bayan gam, likita zai zuba cikon yana da laushi kamar ƙullu, ya haska masa shuɗiyar fitila ya daskare. To, a nan gizo ke saƙar. Yayin daskarewa cikon yakan tsuke, kamar kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari. In gam bai riƙe sosai ba, sai 'yar kafa ta buɗe wadda ido ba ya gani, yawu da ƙwayoyin cuta su riƙa kurɗawa, haƙori na ruɓewa a ƙarƙashi, sama kuwa fes!

Shi ya sa likita yakan zuba shi kaɗan-kaɗan, kowane zubi bai wuce kaurin milimita 2 ba. Kuma gam ɗin ba ya shiri da yawu ko jini. Don haka in an cusa miki auduga ko an shimfiɗa roba a baki, ki daure, ki bar surutu da motsa harshe. Ramin da ya gangara kusa da dasashi ya fi saurin yoyo, domin can ɓawon ba shi da kauri, ga danshi.

Yaya za ki gane? Baƙin zare ya zagaye cikon, ko tsamin haƙori in kin sha ruwan sanyi ko kayan zaƙi, ko zafi wajen tauna. Ba kowane baƙin zare ne ruɓa ba, wani shayi ne ko goro ya rina wurin, gogewar likita ta wadatar. Amma ita ce za ta tantance, ba ke ba. In an yi sakaci ruɓar ta kai jijiya, sai wankin jijiya mai tsada, ko a cire haƙorin ɗungurungum, a bar ki da giɓi.

Ni dai shawarata, a riƙa goge baki safe da dare da man da ke da fuloraid, a kai ciko a duba ko ba ya ciwo. Allah Ya bar mu da murmushinmu, amin.