Ramin da ke tsakiyar tsaro

 A ƙwallon Amurka, wadda ake jifa da hannu, tsare masu cafe ƙwallo iri biyu ne: ko ka bi mutum, ko ka riƙe yanki. A wani tsarin yankin, 'yan baya biyu ke raba can ƙuryar fili, kowa da rabinsa. To, tsakaninsu fa? Rami ne, nan mai jifa zai auna. Kociya Tony Dungy da Monte Kiffin na Tampa Bay suka toshe shi: ana fara wasa, ɗan tsaron tsakiya ya ruga baya ya cike gurbin. Wallahi aikin sai mai gudu. A Super Bowl na 2003 'yan Tampa Bay sun cafke jifa 5, suka lallasa Oakland 48 da 21.