Bakin Hanya Ba Juji Ba Ne

A Bugaje da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Jibiya, akwai ɗan fili tsakanin hanya da ƙofar gida ko iyakar gona. Filin nan na jama'a ne, amma maigida da iyalinsa ne ke share shi, su nome ciyawa, su yashe lambatu kafin damina. Sai dare ya yi, wani ya turo kura cike da shara, ya juye a wurin, ya yi gaba.

A da, manomi murna yake yi da juji. Toka ce da ƙaiƙayi da kashin dabbobi, sai ya kwashe a mangala ya kai gona. Sharar yau kuwa cike take da leda da fasassun kwalabe. Akuya ta haɗiye leda, ta rame har ta mutu. Leda ta toshe kwalbati, ruwa ya rasa hanya, ya nufi gidaje. Ba mu manta da ambaliyar Jibiya ta watan Yuli 2018 ba, wadda ta ci rayuka fiye da 40. Hanyar ruwa ba abin wasa ba ce.

To, me doka ta ce? Tsarin mulki na 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kwashe shara da kula da magudanan ruwa. A 2007 aka kafa hukumar NESREA, a 2009 kuma aka fitar da ƙa'idojin tsabtace muhalli na ƙasa. Sun hana zubar da shara a inda ba a keɓe ba, ko lambatu ne, ko kango, ko filin wani. Sun kuma wajabta wa mai gida ya tsabtace gefen hanya da magudanar da ke kewaye da gidansa. Ashe mai shara yana bin doka ne, mai juyewa kuwa karya ta yake yi.

Idan abin ya same mu, kada mu rama, kada mu ta da faɗa. Mu fara yi wa mutumin magana cikin natsuwa. In ya ƙi ji, mu kai wa mai unguwa. In abin ya faskara, sai mu je wurin duba-gari a ƙaramar hukuma.

Amma 'yan'uwa, mu fara da kanmu. Yaron da muka aika da kwandon shara da safe, mun san inda yake juye shi?