Sakin ɗan kaso bisa sharaɗi

A Gaya, wanda ya doki matarsa har ya ji mata rauni, alƙali na iya ɗaure shi. Amma dokar Nijar ta yarda a sallami ɗan kaso kafin wa'adinsa ya cika. Sai ya ci rabin ɗaurinsa, kuma an shaidi halinsa ya gyaru. Ministan shari'a ke sa hannu.

Tun a gidan kaso ake fara shiri: koyon sana'a, karatu da jin wa'azi. Ya san inda zai zauna da aikin da zai ci abinci.

Dangi su ji ta bakin matar, kada a tilasta mata zama da shi. In ya sake dukanta, kaso zai koma ya ƙarasa sauran kwanakinsa.