Jar tuta a Bundase: ladabin bindiga da soja ya riƙe, mu muka sake

Lokaci zuwa lokaci rundunar sojin Gana takan fitar da sanarwa daga hedikwatarta da ke Burma Camp cewa za ta yi atisayen harbi da harsashin gaske a sansanin horo na Bundase, daga rana kaza zuwa rana kaza, don haka manoma da makiyaya da mazauna ƙauyukan da ke kewaye su nisanci wurin. Sanarwar takan fito da Turanci, a karanta a rediyo, jaridu su buga, shi ke nan. To amma cikin waɗanda aka yi ta dominsu, mutum nawa take shiga kunnensu? Yaron da ke bin shanu a filayen da ke tsakanin Ashaiman da Asutsuare ba ya karanta jarida. Mai tura kura yana sayen tsofaffin ƙarafa, ɗan kondem kamar yadda muke cewa, shi ma haka. Duk wanda ya san zangunanmu kuwa ya san da yawa daga masu waɗannan sana'o'i biyu 'ya'yanmu ne da ƙannenmu.

Ni malamin makaranta ne, ban taɓa sa kaki ba. Abin da ya kusantar da ni da wannan magana shi ne ƙungiyar kadet ta makarantarmu, yaran nan da kuke gani suna fareti ranar 6 ga Maris. Ni aka ɗora wa kula da su, wani saje mai ritaya kuma shi ke zuwa yana horar da su. Bindigogin katako suke riƙewa, amma ranar da wani yaro ya juya bakin tasa wajen abokinsa yana dariya, dattijon nan ya tsayar da fareti gaba ɗaya, ya karɓe ta, ya sa yaron zagaye fili. Da na ce masa, Baba, ai katako ne, sai ya nuna mini cewa hannun da ya saba nuna mutum da katako, ranar da aka ba shi ƙarfe haka zai yi. Daga hirarraki da shi da ɗan abin da na karanta na tattara abin da ke tafe.

Kafin kurtu ya ga harsashi

Bindiga ba baƙuwa ba ce a tarihin zango. Rundunar da ta zama sojojin Gana na yau ta samo asali ne daga dakarun da Turawan Ingila suka kafa a 1879 da Hausawan da suka ɗebo daga yankin da yake Najeriya a yanzu, kuma Hausa ta daɗe tana zama harshen bariki. Kakannin wasu daga cikinmu sun san ladabin makami ciki da waje. Mu jikoki sha'awar muka gada, ladabin kuwa ya tsaya a bariki.

Kurtun da ya shiga makarantar horar da sababbin sojoji ta Shai Hills ba a ranar farko ake miƙa masa harsashi ba. Sai ya koyi kwance bindiga da goge ta da mayar da ita, ya koyi ɗura ta da sauke ta da harsashin gwaji wanda ba ya tashi, ya maimaita har hannunsa ya riƙa yi ba tare da tunani ba. Sai an gwada shi an ga ya iya, sannan a kai shi filin harbi.

Abu na farko da ake cusa masa shi ne: duk lokacin da bindiga ta shigo hannunka, ko daga hannun wa ta fito, ka juya bakinta inda babu kowa, ka cire gidan harsashi, ka ja ta baya, ka leƙa ciki da idonka. Dalilin leƙawar nan shi ne abin da ya kai mutane da yawa lahira. Idan an riga an ɗana bindiga, harsashi ɗaya ya hau ya zauna a bakin bututu, kuma cire gidan harsashi ba ya fitar da shi. Mutum ya ga gidan a hannunsa ya ce ai babu komai ciki, ya taɓa kunama, sai a ji salati.

Wani tsohon hafsan sojin Amurka, Jeff Cooper, ya taƙaita wannan tarbiyya cikin dokoki huɗu da suka yaɗu a duniya. Ka ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi. Kada bakinta ya kalli abin da ba ka shirya halakawa ba. Yatsanka ya nisanci kunama har sai ka saita abin da za ka harba. Ka tabbatar da abin da kake harbi da abin da ke bayansa. Hikimar ita ce dokokin suna rufa wa juna baya: in mutum ya manta ɗaya, wata za ta tsare shi. Yawanci sai an karya biyu a lokaci guda ake zubar da jini.

Yadda filin harbi yake

Harsashin bindigar G3, wadda sojojinmu suka daɗe suna riƙewa, yana fita da gudun kusan mita 800 a daƙiƙa ɗaya, fiye da ninki biyu na gudun sauti. Ma'ana, yakan riga ƙararsa isa. In bai ci karo da komai ba kuwa, yana iya tafiyar fiye da kilomita uku kafin ya faɗi, tafiyar da mai ƙafa zai yi minti arba'in yana yi. In ya daki dutse ko ƙarfe ko ma fuskar ruwa, yana iya zillewa ya nufi inda mai harbin bai taɓa nufa ba.

Shi ya sa wurin da sojoji ke kwanciya suna harbi ɗan ƙaramin sashe ne kawai na filin. Bayan allunan da ake saita akwai tudun ƙasa da aka tara don kama harsashi, bayan tudun kuma akwai daji mai faɗi da aka ware a matsayin yankin haɗari. Nan ne makiyayi ke ganin ciyawa ta yi kyau babu mai taɓawa. Filin harbi na Teshi da ke bakin teku, shi kuma masunta ne abin ya shafa.

Ranar harbi ana ɗaga jar tuta, a ajiye masu gadi a hanyoyin shiga, ma'aikacin lafiya da mota suna tsaye. Hafsa ɗaya ne ke da iko da filin, kuma a filin nan umarninsa ake bi. Ba mai ɗura bindiga sai ya ce, ba mai harbi sai ya ce, ba mai tashi ya nufi alluna sai an duba kowace bindiga an tabbatar wayam take. Umarni ɗaya ne kowa ke da ikon bayarwa, har kurtun da ya zo jiya: in ka ga mutum ko dabba ta shigo, ka ɗaga murya ka ce a tsaya, kuma dole kowa ya tsaya. Bindigar da ta ƙi tashi ba a juyo da ita ana tambayar na baya me ya faru; bakinta na gaba, mai ita ya ɗaga hannu ya jira. Ana toshe kunne kuma, don ƙarar harbi ta wuce abin da kunnen ɗan Adam ke ɗauka ba tare da lahani ba.

Bayan an gama, sai lissafi. An ƙirga harsasan da aka raba, za a tattara kwansunan da suka faɗi, a mayar da ragowar rumbu. A tsarin da sojojin ƙasashen rainon Ingila suka gada, kowane soja yakan tsaya gaban na sama da shi ya furta cewa babu harsashi ko kwanso a jikinsa, a kuma caje aljihu. Wanda bindiga ta tashi a hannunsa ba da umarni ba, ko da bai sami kowa ba, hukunci na jiransa. Ba a karɓar “tsautsayi ne” a wurin.

Wanda ke ganin wannan ƙirge-ƙirge ya yi yawa, ya tuna abin da ya faru a garin Karkason na ƙasar Faransa ranar 29 ga Yunin 2008. Wani bariki ya buɗe ƙofa ga jama'a su zo kallon wasan kwaikwayon ceto mutanen da aka yi garkuwa da su. Harsashin ƙara kawai, marar kai, ya kamata a yi amfani da shi, sai wani saje ya buɗe wuta da na gaske. Mutum 17 suka jikkata, har da yara ƙanana. Bincike ya nuna ragowar harsasai ne da ba a mayar rumbu ba. Kwana biyu bayan haka babban hafsan sojin ƙasa na Faransa, Janar Bruno Cuche, ya ajiye aiki. In ƙwararru irin waɗannan sun yi sakaci sau ɗaya abin ya kai haka, ina ga wanda bai taɓa zama ajin koyon bindiga ba?

Mu da ke bayan shinge

Gari yana ta cin daji. Wuraren da a da sai soja da namun daji, yau gidaje ne da garken shanu, kuma rundunar ta sha kokawa kan masu gini a filayenta. Mutanen Ashaiman da kewaye ba su manta daren da gobara ta tashi a rumbun makamai na Michel Camp a watan Janairun 2019 ba, yadda aka kwashi yara aka yi ta gudu. Maƙwabtaka da bariki tana da nata nauyi.

Babban abin da ke ba ni tsoro shi ne bayan an sauke jar tuta. Ba kowane gurneti ko harsashin igwa da aka harba ke fashewa ba. Wani yakan faɗi ya kwanta cikin ciyawa shekara da shekaru, ya yi tsatsa, ya yi kama da kowane tsohon ƙarfe, alhali yana nan da ransa. Taɓawa kaɗan, ko dukan guduma, ko zafin wutar daji, ya ishe shi. Kwanson harsashi kuma farin ƙarfe ne mai tsada a wurin masu awo, shi ke jan yara shiga inda aka hana. Ɗan'uwa mai sayen ƙarfe, in yaro ya kawo maka abu mai kama da kwalba ko mai fiffike a gindi, kada ka ɗora a sikeli, kada ka sa guduma, kada ka jefa a wuta don ka ga abin da ke ciki. Ku bar shi inda yake, ku janye mutane, a kira 112 ko a sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa. Sidi nawa ne za su biya hannu ko ido?

Harbin biki

Sai kuma namu na cikin gida. A bikin Damba da na Bugum, a naɗin sarauta da jana'izar manya, harbin bindigar toka tsohuwar al'ada ce, kuma tsofaffin maharba suna da nasu ƙa'idoji. Abin da ya sauya shi ne yau matasa ke karɓar bindiga, su cika ta da albarushi fiye da kima don tasu ta fi ƙara, su harba a tsakiyar taro ana ɗaukar su a waya. Wasu ma bindigogin zamani suke fitowa da su. Bututun da aka cika wa albarushi yana iya tsagewa a hannun mai shi. Wutar da ke fita daga baki, ko babu harsashi, tana ƙona fuska tana makantarwa, a kusa-kusa ma tana kisa. Harsashin da aka harba sama kuwa ba a gajimare yake tsayawa ba, zai dawo, da ƙarfin da ya isa ya huda kan mutum.

Doka ba ta yi shiru ba. Riƙe bindiga a Gana sai da lasisin 'yan sanda, wanda ake sabuntawa duk shekara, kuma hukumar kula da ƙananan makamai da aka kafa da dokar 2007 ta sha jan kunne kan baje kolin bindigogi a bukukuwa. Addininmu ma ya riga kowa. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya hana mutum nuna ɗan'uwansa da makami, ya kuma umarci mai wucewa da kibau ta masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu kada su taɓa wani. Wallahi in ka duba, dokar bakin bindiga da ake koya wa kurtu ke nan.

Abin da ke hannunmu

Ba sai mun jira gwamnati a kan komai ba. Duk ranar da sanarwar atisaye ta fito, sarakunan zango da shugabannin makiyaya da na kasuwar shanu ta Tulaku su sa a fassara ta da Hausa da Fulatanci da Dagbanci, a tura ta a murya ta WhatsApp, limamai su faɗe ta bayan sallar Juma'a. Ita ma rundunar muna roƙon ta riƙa aika sanarwar gidajen rediyon da ke magana da harsunanmu, ta kuma sa hoto a allunan gargaɗi saboda wanda bai yi boko ba. Shugabannin 'yan kondem su gayyaci soja ko ɗan sanda ya nuna wa yaransu hotunan abubuwan da ba a taɓawa. Masu shirya biki su ware wa maharba gefe guda nesa da mata da yara, dattijo ɗaya ya zama shi ke ba da izinin harbi, kamar dai hafsan filin nan.

Mu malamai kuma, na boko da na allo, minti goma ya ishe mu gaya wa yara ma'anar jar tuta, da cewa ƙarfen da aka tsinta a daji ba abin wasa ba ne. Mai bindiga a gida, mafarauci ne ko mai gadi, ya sauke ta, ya kulle, ya ajiye harsashi a wani wuri daban inda hannun yaro ba ya kai. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya tsare mana zuri'a, ya kare sojojinmu a bakin aikinsu.