Ko Ka San Doki Yana Da Ajiyar Jini A Cikinsa?

Ranar da hakimi ya yi hawa, a Kiru ne ko Bebeji, Tudun Wada ko Doguwa, abin da ke ɗaukar idon mai kallo shi ne jahi: doki na tsaye, a ƙyafta ido ya rikiɗe ya zama iska. Mukan yaba wa mahayi, amma babban aikin a cikin jikin dokin ake yin sa.

Saifar doki rumbu ce. Yana turke yana cin harawa, kusan kashi ɗaya cikin uku na jajayen ƙwayoyin jininsa, masu kai wa tsoka iska, suna ajiye a cikinta. Da an taɓa shi da ƙaimi, ko ya ji algaita ya zabura, sai saifar ta matse ta juye su cikin jini. Ƙwayoyin da ba su wuce kashi 40 cikin 100 na jininsa ba sai su haura kashi 60. Irin wannan ƙarin ne wasu 'yan tseren keke na Turai suka riƙa yi wa kansu a ɓoye har aka ƙwace musu lambobinsu. Shi doki haka Allah ya halicce shi.

Zuciyarsa takan kai kilo 4. A hutu tana buga 30 zuwa 40 a minti, a sukuwa ta wuce 220.

Numfashinsa ne ya fi ba ni mamaki. Doki ba ya numfashi ta baki, ta hanci kaɗai, shi ya sa kake ganin ƙofofin hancinsa sun buɗe sun yi jajur bayan gudu. Kuma idan ya shiga sukuwa, numfashin yana ɗaure da ƙafa: tsalle ɗaya, shaƙa ɗaya. Ƙafafun gaba na dira ƙasa, iska ta fita. Yana ɗagowa, sabuwa ta shiga, sama da sau 120 a minti. Ba shi da damar yin haki tsakanin tsalle da tsalle kamar yadda mu muke yi. Saboda haka wanda ya tsuke majayi fiye da kima, ko ya ja linzami har haɓar doki ta kusa taɓa ƙirji yana kuma neman gudu, toshe masa iska yake yi. Wannan zalunci ne, kome kyan da ya yi a idon 'yan kallo.

Sai gumi, farar kumfar nan da ke fitowa ƙarƙashin sirdi da gefen wuya. A zafi irin na bazara doki kan zubar da lita 10 zuwa 15 a awa guda ta aiki, kuma guminsa ya fi jininsa gishiri. Masu barga da ke ba dawaki kanwa ba su yi kuskure ba. Binciken da aka yi gabanin wasannin Olamfik na 1996 a Atalanta ta Amurka ya nuna cewa sheƙa wa dokin da ya ɗau zafi ruwan sanyi ba ya cutar da shi, sauƙi ma yake samu da wuri.

Halin mahayi ma yana shiga jikinsa. A 2009 masana a ƙasar Suwidin sun gaya wa mahaya cewa za a buɗe laima farat ɗaya a kan hanyarsu. Ba a buɗe ba, amma bugun zuciyar mutanen ya ƙaru, na dawakin ma ya bi. Wato tsoron da ka ɓoye wa abokanka, dokinka ya riga ya ji shi ta cinya da linzami.

Jami'ar Bayero tana da sashen nazarin motsa jiki, Jami'ar Ahmadu Bello Zariya tana da tsangayar likitancin dabbobi. Ina roƙon ɗalibansu su sauko bargogin kudancin Kano da na'urar auna bugun zuciya, su auna namu dawakin a namu zafin. Kai kuma ɗan kilisa, idan ka sauka, sassauta majayi, zaga da shi a hankali, ka ba shi ruwa kafin ka sha.